Hajar da ta fi ƙarfin mai shago

Mahaifina mai gyaran agogo ne. Teburinsa ɗan ƙarami ne mai akwatin gilashi, a bakin wata rumfa a kasuwar Sabon Gari ta Kano, kuma a gefen teburin nan na yi yawancin ranakun hutuna ina yaro, ina miƙa masa hantsaki, ina laluben ƙananan sukurorin da suka faɗi ƙasa. Agogunan da ake kawo masa ba su wuce Seiko 5 da Citizen da Orient da West End ba, sai kuma Rado na alhazai, wanda ake yo tsarabarsa daga Makka, mai ƙyallin nan da ko an goga shi a bango ba ya karcewa. Duk agogon da aka ajiye masa, ba ya tsayawa kallon fuskarsa. Kifa shi yake yi, ya buɗe bayansa, ya manna gilashi a ido, ya yi shiru na ɗan lokaci. Bayan haka ne zai ɗago ya ce wa mai shi, "Alhaji, wannan agogo ne," ko kuma ya ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, suna kawai aka sayar maka."

Ni ban gaji gyaran ba, saye da sayarwa na kama. Ina zuwa Dubai sarin agoguna masu matsakaicin kuɗi, kuma a can ne, a ƙarshen 2021, a wani ɗan shago da ke Deira, na taɓa riƙe agogon Nautilus mai lamba 5711, na kamfanin Patek Philippe na Suwizalan, a hannuna. Sau ɗaya ke nan a rayuwata. Dillalin ya san ba saye zan yi ba, mutunci ne kawai na shekaru. Ya fito da shi daga akwatin ƙarfe, ya shimfiɗa ƙyalle, ya ɗora. Abin da ya fara ba ni mamaki shi ne rashin kaurinsa, don bai kai milimita tara ba, ga sarƙarsa tana kwanciya a tafin hannu kamar an zuba ruwa. Fuskarsa shuɗiya mai layi-layi, tana sauya launi in ka karkata ta. Sai dillalin ya faɗi kuɗinsa, ya ninka farashin kanti fiye da sau uku. Ya ƙara da cewa, cikin alfahari, agogon ya bi ta hannun mutum huɗu kafin ya iso gare shi, kuma babu wanda ya taɓa ɗaura shi. Ledar kamfani na nan a jikinsa.

Wannan maganar ta ƙarshe ce ta tsaya mini a rai har na dawo gida. Agogo otomatik ne, motsin hannun mai shi ne abincinsa. Mutum huɗu sun mallake shi, amma allurarsa a tsaye take.

A farkon 2021 ne shugaban gidan Patek, Thierry Stern, ya tabbatar da cewa za a daina ƙera 5711 na ƙarfe. A lokacin babu agogon da ake nema a duniya kamarsa. Farashinsa a kanti dala dubu talatin da 'yan kai ne, amma samunsa sai an rubuta sunanka ka jira shekaru, in ma an yarda an rubuta. Duk ɗan kasuwar da ya ji labarin, abin da zai fara cewa shi ne mutumin nan ya yanka kazar da ke yi masa ƙwai. Ni ma haka na ce da farko. Yanzu ina ganin wannan shawara na cikin mafi hankali da wani gidan agogo ya yanke a zamaninmu, ko da yake abubuwan da ya yi bayanta ba duka na yarda da su ba.

Sai an koma baya kaɗan kafin a gane. Ranar 25 ga Disamba 1969 kamfanin Seiko na Japan ya fitar da Astron, agogon hannu na farko mai injin quartz, wato irin na batir ɗin nan da ya cika duniya, da aka sa a kasuwa. Cikin shekara goma sha biyar, masana'antar agogon Suwizalan ta durƙushe: ma'aikata kusan dubu 90 a 1970 suka koma kusan dubu 30 a tsakiyar shekarun 1980. Guguwar nan har teburin Baba ta iso. Da Casio ya cika gari, musamman ɗan baƙin nan F-91W na 1989, gyara ya koma canjin batir da canjin madauri. Mutum ba zai biya kuɗin wanke inji ba alhali sabon agogo bai kai kuɗin ba. Abokan sana'arsa da yawa suka watse, wasu suka koma gyaran rediyo.

A cikin wannan ruɗani ne aka haifi agogon ƙarfe mai tsadar zinare. A 1972 gidan Audemars Piguet ya fitar da Royal Oak, zanen wani mutum mai suna Gérald Genta, mai kusurwa takwas da sukurori takwas a fili, ana sayar da shi sama da faran dubu uku na Suwizalan, kuɗin da a lokacin zai saya maka agogon zinare. A 1976 Patek ya bi sahu da Nautilus mai lamba 3700, shi ma zanen Genta, siffarsa an ɗauko ta ne daga tagar jirgin ruwa. Tallarsa ta farko ba ta ɓoye komai ba, cewa ta yi ɗaya daga cikin agogunan da suka fi tsada a duniya da ƙarfe aka yi shi. Dabarar ita ce a raba daraja da nauyin zinare, a mayar da ita kan aikin hannu, wato goge kowace gaɓa ta sarƙa, wani gefe mai sheƙi, wani mai dishi-dishi. Tun da batir ya ƙwace daidaiton lokaci, dole a sayar da wani abu daban.

Amma Nautilus bai taɓa zama zuciyar gidan ba, kuma nan ne maganar take. Gidan ya faro ne a 1839 a Jeneba, a hannun Antoni Patek, ɗan ƙasar Folan. Adrien Philippe, wanda ya shahara da dabarar yi wa agogo wani, wato murɗa shi don ya yi aiki, ba tare da makulli ba, ya shigo a 1845. Iyalin Stern, waɗanda asalinsu masu ƙera fuskar agogo ne, sun sayi gidan a 1932, kuma har yau yana hannunsu. Sunan da gidan ya yi, ya yi shi ne da injina masu sarƙaƙiya: agogon da ya san watan da ke da kwana talatin da mai talatin da ɗaya, ya san shekarar da Fabrairu ke kai ashirin da tara ba tare da an taɓa shi ba, agogon da in ka ja ɗan maɓalli a gefe zai buga maka sa'a da minti da ƙararrawa a cikin duhu. Agogon aljihun da suka ƙera wa attajirin Amurka Henry Graves a 1933 ayyuka 24 yake yi. Calibre 89 na 1989 yana yin 33. A Nuwamban 2019 an yi gwanjon Grandmaster Chime ɗaya tilo na ƙarfe a kan faran miliyan 31. Shi kuwa 5711, wanda ya fito a 2006 don cikar Nautilus shekara talatin, sa'a yake nunawa da minti da daƙiƙa da kwanan wata. Shi ke nan. Kyakkyawa ne ƙwarai, na riƙe shi na gani, amma a gidan da ya fito, yana cikin masu sauƙin aiki.

To sai ga shi yaron gida ya rufe iyayen gida. Mutum ya shiga kantin Patek ba ya tambayar komai sai shuɗin nan na ƙarfe. In an nuna masa wani, ya ɗauka ana so a yi masa wayo ne. Stern da kansa ya bayyana a hirarrakinsa na lokacin cewa ba ya son samfuri ɗaya ya mamaye kayan gidan har ya zama shi ne fuskarsa, kuma ya sha faɗin cewa da gangan yake taƙaita yawan agogon ƙarfen da suke ƙerawa.

Wannan na gane shi sosai, don na gan shi da idona a ƙaramin mataki. Akwai shekarar da wani samfurin agogo ya yi tashe a wurin samari, ango da abokan ango kowa shi yake so. Duk wanda ya shigo shagona shi yake tambaya. Na zuba jarina kusan duka a kansa, na daina sarin sauran. Wata shida ana ruwan ciniki. Daga nan jabunsa ya shigo gari, yayi ya wuce, aka bar ni da kwali-kwali, kuma tsofaffin abokan cinikina da ke zuwa neman wani abu daban sun riga sun koma wani shago. Lokacin da haja ɗaya ke ciyar da kai, ita ke juya ka, ba kai ke juya ta ba. Abin da ya faru da ni a shago mai ƙofa ɗaya, shi Stern ya hango wa gida mai shekara kusan ɗari biyu.

Akwai kuma batun farashi, wanda a ganina ya fi komai muhimmanci. In kamfani ya ce kayansa dala dubu talatin ne, kasuwa kuma ta ce dubu ɗari ne, to ba kamfanin ke yanka farashi ba, 'yan kayi-nayi ne. Ribar da ke tsakani ba ta shiga aljihun masu ƙira ba, ba ta biya albashin mai goge sarƙa ba. Abin da ta haifar shi ne ɓata tarbiyyar ciniki. Mai kanti ya zama mai rabon arziki, duk wanda ya ba agogon kamar ya miƙa masa dala dubu saba'in ne kyauta. Daga nan sai a fara cewa sai ka sayi wancan da wancan kafin a duba sunanka. Mutumin da ya yi shekara ashirin yana sayen agogon gidan don yana son su, sai ya ga wanda ya shigo jiya ya samu, washegari kuma agogon ya bayyana a intanet ana neman mai saye. Gidan da tun 1996 tallarsa ke cewa ba mallakar agogon kake yi ba, riƙo kake yi wa 'ya'yanka, sai ga hajarsa mafi suna ba ta kwana uku a hannu ɗaya. Ƙara yawan ƙira ba zai magance ba, don gidan da ke fitar da agogo wajen dubu saba'in a shekara, in ya ce zai ƙosar da masu neman 5711, sai ya kwashe ƙwararrunsa daga kan injina masu wuya ya mayar da su kan abu ɗaya. Ranar da yayi ya juya kuwa, ba mai saye, ba ƙwararru.

Kuma yayin ya juya. Daga wajen Afrilun 2022, da bankunan duniya suka fara ƙara kuɗin ruwa, kuɗaɗen kirifto suka faɗi, farashin agogunan ƙarfe a hannun dillalai ya yi ta gangarowa. Dillalan da suka saya a ƙololuwa sun ji a jikinsu. Patek kuwa ya riga ya fita daga rumfar kafin ruwan ya sauko.

Inda na fara rabuwa da Stern shi ne yadda aka yi ban kwanan. A Afrilun 2021 aka fitar da 5711 mai fuska koriya, aka ce na shekara ɗaya ne kawai. Kuɗinsa a kanti bai kai dala dubu 35 ba, amma a watan Yuli an yi gwanjon guda ɗaya a Monako, a cikin ledarsa, kusan dala rabin miliyan. A Disamba kuma aka fitar da guda 170 masu launin shuɗi-shuɗin Tiffany, kamfanin kayan ado na Amurka, don cikar shekara 170 da hulɗar gidajen biyu, wadda ta faro a 1851. Na farkonsu an yi gwanjonsa a Niyok a kan dala miliyan shida da rabi, aka ba wata ƙungiyar kare muhalli kuɗin. Na san sadaka ce, kuma na san kowane gida yana son a yi maganarsa. Amma mutumin da ya ce gobara yake kashewa bai kamata a gan shi da galan ɗin fetur ba. Waɗannan biyun su suka kai haukar farashin inda ba ta taɓa kaiwa ba, kuma su suka ƙara kafa wa duniya cewa Patek shi ne Nautilus, abin da aka ce ana gudu.

A Oktoban 2022 magajinsa ya fito, 5811, kusan siffa ɗaya, an ƙara milimita ɗaya, amma da farin zinare, a kan kusan dala dubu 70. Wannan na fahimce shi a matsayina na ɗan kasuwa. An ce wa mai saye, in dai wannan siffar kake so, to kuɗin da za ka ba dillali kawo shi gida. An rage tazarar da 'yan kayi-nayi ke ci. Sai dai an yi watsi da ainihin abin da Nautilus ya zo da shi a 1976, wato cewa ƙarfe ma yana iya ɗaukar daraja in hannu ya yi aiki a kansa.

Sai Cubitus, a Oktoban 2024, wanda aka ƙaddamar a birnin Munik na Jamus, sabon jerin agogo na farko da gidan ya fitar cikin shekara 25. Na zauna na daɗe ina kallon hotunansa. Murabba'i ne, faɗinsa milimita 45, amma fuskar mai layi-layi ta Nautilus ce, sarƙar ta Nautilus ce, kunnuwan gefe na Nautilus ne, har da na ƙarfe mai fuska koriya a kan sama da dala dubu arba'in. Mutumin da ya kori yaro daga gida don ya cika ɗaukar hankalin baƙi, sai ya dawo da ƙaninsa mai kama da shi sak ya zaunar a zaure. Ba na cewa ba zai sayu ba, yana sayuwa. Cewa nake, shekara 25 ana jira, gidan da ke da masu ƙirar da babu kamarsu ya cancanci ya fito da siffar da ba aro ba ce daga zanen Genta na shekara hamsin da suka wuce.

Da suka ta yi yawa, Stern ya ce a wata hira yawancin masu sukar mutane ne da ba su taɓa mallakar Patek ba kuma ba za su taɓa mallaka ba. Ta fuskar lissafi gaskiya ya faɗa, ni ma ina cikinsu. Amma ina ganin kuskure ne babba a fahimtar abin da ke riƙe da suna. Darajar agogon da Alhaji ya ɗaura ba a wuyan hannunsa kaɗai take ba, tana idon mutum dubu da suka san mene ne, suke girmama aikin da ke cikinsa, alhali ba za su taɓa saya ba. Rado ya yi suna a Kano ne saboda yara irina da ke leƙen hannun alhazai ranar Juma'a. Wasu daga cikin yaran nan sun girma sun saya. Mai shago ba ya raina 'yan kallo, don a cikinsu mai sayen gobe yake.

In aka dubi maƙwabta, sai a ga kowa da hanyar da ya bi da wannan matsala. Audemars Piguet ya rungumi Royal Oak har ya zama shi ne mafi yawan cinikinsa. Da ya yi ƙoƙarin buɗe wata ƙofa da Code 11.59 a Janairun 2019, an yi masa ca, kuma ya ɗauki shekaru yana gyara fuskokin agogon kafin mutane su sassauto. Wannan shi ne ramin da Stern ya gani ya kauce. Rolex kuwa, wanda ke hannun gidauniyar Hans Wilsdorf, mutumin da ya kafa shi, bai kashe komai ba. A Disamban 2022 ya fara ba agogunansa da aka riga aka yi amfani da su takardar shaida ana sayarwa a kantunan da ya amince da su, a Agustan 2023 kuma ya sanar da sayen Bucherer, ɗaya daga cikin manyan dillalan agogo na duniya. Wato shi ya shiga kasuwar gwanjon ne ya kafa tasa rumfar. Wannan hanya ta dace da mai ƙera agogo kusan miliyan a shekara. Ba ta dace da Patek ba.

Abin da mutane da yawa ba su lura da shi ba, a cikin watan nan na Afrilun 2021 da duniya ke rububin koren Nautilus, Patek ya fitar da wani agogon a hankali: Calatrava mai lamba 6119. Zagayayye ne, milimita 39, na zinare, da madaurin fata, gefensa da ɗan ado mai kama da kawunan ƙusa. Jinin gidan ne na asali, don Calatrava na farko ya fito ne a 1932, shekarar da iyalin Stern suka karɓi ragama. Ba otomatik ba ne, da hannu ake yi masa wani. An ƙera masa sabon inji mai ma'ajiyar ƙarfi biyu, wani ɗaya yana kai shi sa'a 65, kuma injin ya cika bayan agogon taf, ba irin ƙaramin injin da ake sawa a babban gida a cike gefe da zobe ba. A wurina nan ne alƙiblar gidan ta gaskiya ta bayyana, kuma da a ce ƙarfin tallar da aka zuba wa koren nan da na Tiffany an ba wannan ko da rabinsa, da maganar Stern da aikinsa sun fi haɗuwa.

Baba ya daina zuwa kasuwa, idonsa ya yi rauni, amma Seiko 5 ɗinsa na nan a hannunsa, shi yake wanke injinsa da kansa har shekarun baya-bayan nan. Wata rana bayan la'asar na zauna kusa da shi a ƙofar gida na nuna masa hotuna a waya. Na fara da 5711, na gaya masa kuɗin da aka sayi mai launin Tiffany. Ya ce, "Ikon Allah," ya miƙo mini wayar. Na nuna masa Cubitus, ya gyaɗa kai kawai. Da na kawo 6119, sai ya ce, "Juya mini bayansa." Na nemo hoton bayan, inda gilashi ke nuna injin. Ya kawo wayar dab da idonsa, ya ce in ƙara girman hoton, na ƙara, ya ce in ƙara. Ya bi gefen kowane ƙarfe da farcensa a kan gilashin wayar, inda aka goge kusurwa har tana ƙyalli, ya tsaya a kan ma'ajiyar ƙarfin nan biyu. Har aka kira magariba wayar na hannunsa.

"Wanda ya yi wannan," in ji shi, "ya san wata rana wani zai buɗe."